Na tara kuɗin pikof don kiɗan metal, yayana ya kulle jitar a ɗaki

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 22 a Agadas, ni da yayana muke kiɗan biki, shi yana jita ni ina ganga. Jita ɗaya ce ta kirki a gidanmu, Squier irin Stratocaster mai pikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya) uku sirara, shi ya saye ta da kuɗinsa kuma da ita muke samun na cefane. In ba ya nan ni nake ɗaukarta, kuma gaskiya ni hebi metal ne ya shiga raina, Metallica da su Slayer nake ji dare da rana. Matsalar ita ce duk yadda na murɗa amfi ɗina (akwatin ƙara sauti, ƙarami ne mai wat 15) sautin ba ya yin nauyi, sai zuuu da ƙara kamar ƙudan zuma. Na tara jika 80, wani abokina da ke Faransa ya ce zai taho min da pikof EMG 81, mai gyara kuma ya ce sai an sassaƙe katakon an yi wa batir wuri. Da na faɗa wa yaya sai ya ce wannan hayaniya ce ba kiɗa ba, ya kulle jitar a ɗakinsa. Yau kwana 10 ba ma magana sai a wurin aiki, inna ta damu. Abokaina sun ce baƙin ciki yake min. Wane pikof ya fi, kuma yaya zan yi da shi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu kuma abin da ya fi tsaya min a rai kalmar nan ce ta "hayaniya", don na san ita ce ta ƙona ka fiye da kulle ɗakin. Mutum ya zauna watanni yana koyon abu shi kaɗai a waya, data tana ƙarewa yana sake saye, yatsu suna fashewa, sannan wanda ya fi so ya yaba masa ya ce hayaniya ce, dole ya ji zafi. Ban ga laifinka ba a nan. Amma kafin ka ɗauki maganar abokanka ta baƙin ciki, ka ɗan tsaya a inda yayanka yake tsaye. Shi abin da kunnensa ya ji shi ne ƙanensa zai kai jitar da ke ciyar da gida wurin mai kurfi da guduma a huda ta, saboda wani kiɗa da babu uwar amaryar da za ta biya ko dala a kansa. Ko ni ne wallahi sai na nemo kwaɗo. Kuma kar ka manta sautin nan siriri mai ƙyalli da ke damunka, shi ne ainihin abin da mutane suke kira ku biki saboda shi, jitar Agadas da duniya ta sani a hannun su Bombino a kan irin wannan tsaftataccen sauti ta tsaya.

To bari mu shiga cikin jitar tukuna sannan mu dawo kan yaya, don in ka gane yadda abin yake aiki rabin rigimar ta mutu da kanta.

Pikof ba wani sihiri ba ne, maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Tsirkiya ta motsa a samansa sai ya haifar da ɗan ƙaramin lantarki, shi ne yake tafiya amfi. Naku masu naɗi ɗaya ne, singil koyil, kuma halinsu ne su jawo duk wani gurnanin wuta da ke kusa, wutarmu a nan tana bugawa sau 50 a sakan, wannan zuuu ɗin da kake ji ita ce, ga janareto ga wayoyin da ba a yi musu at (wayar ƙasa) ba. In ka ƙara distoshin, wato kaushin nan na sautin metal, kana ƙara kiɗan ne da gurnanin gaba ɗaya. Maganin wannan shi ne hambaka, naɗi biyu gefe da gefe da aka juya su saɓanin juna yadda gurnanin ɗaya zai kashe na ɗayan, Seth Lover ne ya ƙera wa kamfanin Gibson irinsa, ya fara fitowa a jitar Les Paul a 1957. Don haka a nan ka yi gaskiya, metal da singil koyil a gidan da wuta take da datti wahala ce.

Inda nake so ka ɗan ja birki shi ne maganar ƙarfi. Pikof mai ƙarfin fitarwa ana samunsa ne ta ƙara yawan naɗi ko sa maganaɗisu mai ƙarfi, sai lantarkin da yake turawa ya ƙaru, tsakiyar sauti ta yi kauri, amma ƙyallin sama ya ragu. Lokacin da DiMarzio ya fito da Super Distortion a 1972 akwai dalili, amfin wancan zamani ba su da distoshin mai yawa, sai ka tura musu wuta da ƙarfi kafin su fara gurnani. Yanzu kuwa fedal (ɗan akwatin sauya sauti da ake takawa da ƙafa) wanda bai kai tafin hannunka ba yana da distoshin da ya fi ƙarfin buƙatarka. Kuma ka duba tushen abin ma, Tony Iommi na Black Sabbath, mutumin Birmingham ta Ingila da ake cewa daga hannunsa metal ya fara, a farkon shekarun 1970 da Gibson SG mai pikof P-90 yake kiɗa, naɗi ɗaya ne shi ma. Nauyin sautinsa ya fito ne daga amfi da aka ƙure da ɗan akwatin ƙara kaifi, da kuma sassauta tsirkiyoyi da ya riƙa yi saboda injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17.

Sannan abin da kake ji a iyafis ɗinka ba jita ɗaya ba ce. A situdiyo ana ɗaukar jitar sau biyu ko fiye, ɗaya a kunnen dama ɗaya a hagu, ta cikin akwati mai lasifika huɗu manya 'yan inci 12, ga jitar bes a ƙarƙashi tana cike ramin, ga ganga. Kai kuma kana zaune da amfi mai wat 15 da lasifika ɗaya ƙarama. Ko pikof ɗin Kirk Hammett na Metallica da kansa aka ciro aka sa maka, ta wannan ƙaramar ƙofa sautin zai fito. Wannan ita ce maganar da masu sayar da kaya ba za su faɗa maka ba, kuma tsorona ke nan, ka kashe jika 80 ka ɓata da ɗan'uwanka a huda jita, ka kunna ka ji ƙudan zuman nan suna nan, sun dai rage gurnani.

EMG 81 ɗin da ka ƙwallafa rai a kai pikof ne mai kyau, ban kushe shi ba, shi su Hammett da James Hetfield na Metallica da Kerry King na Slayer da Zakk Wylde suka daɗe suna amfani da shi, yana da kaifi yana da tsit, in ka danne tsirkiya sautin yana yankewa tsaf ba ja. Amma shi mai batir ne, akwai ɗan ƙaramin amfilifaya a cikinsa da ke cin batir mai bolt 9, kuma ba ya shiga shi kaɗai. Maɓallan murɗa sauti na irin jitarku galibi 250k ne (ma'aunin turjiyarsu ga lantarki ke nan), shi 25k yake so, sai an canza. Ramin da ake soka waya ma sai an canza shi zuwa mai ƙafa uku don shi ne makunnin batir ɗin, wato in aka bar waya a soke aka kwana batir yana ta ci. Sannan haɗa shi da sauran biyun marasa batir a jita ɗaya ciwon kai ne, ƙarfinsu ba ɗaya ba, ba sa jituwa sai da ƙarin dabara, galibi ƙarshenta sai ka ga an cire duka ukun. Ka ga ashe hanjin jitar gaba ɗaya za a zazzage, ba pikof ɗaya ba.

Batir ɗin yana daɗewa, kamfanin yana cewa awa dubbai, amma ranar da zai mutu ba ya sallama. Ni ya taɓa yi min a wani taro, muna tsakiyar waƙa sautin ya fara shaƙewa yana kakkaryewa kamar rediyon da ta jiƙe, na ɗauka waya ce na canza waya, na ɗauka amfi ne na bubbuge shi, ashe batir ne kuma wanda ya haɗa min ya binne shi ƙarƙashin farantin gaba, sukurori 11 na kwance a ƙasa da hasken tocilan waya mutane suna kallona. Yanzu ka ɗora wannan a kan yayanka ƙarfe 11 na dare a filin biki, mata sun shiga rawa an fara liƙi. Ba zai yafe maka da wuri ba.

Tunda ka tambayi wanne ya fi, ga yadda nake ganinsu, don wata rana za ka yi taka jitar. A marasa batir, Seymour Duncan JB yana da maganaɗisun alniko (gamin alminiyom da nikel da kobalt), yana auna wajen 16k a mitar auna lantarki, tsakiyarsa tana da daɗi sosai wajen solo kuma Dave Mustaine na Megadeth ya yi shekaru da shi, sai dai in ka sassauta tsirkiya ƙasa sosai gindin sautinsa yana ɗan yin laɓo-laɓo. Ɗan'uwansa SH-6 Distortion naɗinsu kusan ɗaya amma shi maganaɗisun siramik ne, ya fi tauri da cizo, ga mai son Slayer ni shi zan nuna masa. Super Distortion shi ma siramik ne, yana wajen 13k zuwa 14k, mai kauri ne irin na tsohon metal. Ka lura lambarsa ta fi ta JB ƙanƙanta amma ba ya rasa ƙarfi ko kaɗan, don haka kar wani ya ruɗe ka da cewa babbar lamba ita ce babban sauti, mita tana auna tsayi da sirantar waya ne kawai, ba ta san ƙarfin maganaɗisu ba. Kowannensu sabo yana kaiwa wajen dala 100 ko sama, dalar Amurka fa nake nufi ba dalarku ta Nijar ba, kuma dukansu faɗin hambaka ne, sun fi son maɓallin 500k, ba za su zauna a ramin siririn pikof ba.

Wanda zai zauna ba tare da an taɓa katako ba shi ne irin su Hot Rails na Seymour Duncan, hambaka ne da aka matse shi ya koma girman singil koyil, za ka gan shi da ƙarafa biyu dogaye kamar layin dogo maimakon ɗigo shida. Sukurori biyu ne da ɗan liƙin dalma, ba batir ba sassaƙa, kuma Dave Murray na Iron Maiden da irinsa yake kiɗa a Stratocaster ɗinsa. Ana sa shi a gurbin na gindi kaɗai a bar na tsakiya da na wuya yadda suke, tsohon a naɗe shi a tsumma a ajiye, ranar da aka ga bai yi ba cikin rabin awa an mayar. In har wata rana za a taɓa jitar yaya, to iyakar abin da zan yarda ka roƙa ke nan. Amma ko shi sai ka fara lura da inda yake ajiye makunnin pikof in yana solo, in na gindin nan ne muryarsa to ka bar maganar kwata-kwata, don Hot Rails zai dusashe masa ƙyallin da yake so.

Na san za ka ce ai Eddie Van Halen, shahararren makaɗin jitar nan, ma da kurfi ya fafe gangar jiki irin ta Stratocaster ya cusa hambaka, kuma ga abin da ya zama. Haka ne. Amma gangar jiki ce mai araha da ya saya da kuɗinsa, ba ta yayansa ba, yayan nasa Alex ma ganga yake kaɗawa, ka ga ku an juya. Kuma pikof ɗin da ya cusa tsohon na Gibson ne mai matsakaicin ƙarfi. Kayan aro ba ya rufe katara ƙanena, ko an sa mata EMG jitar nan ta yaya ce, ranar da ya yi aure ya ware ko ya tafi Yamai da ita zai tafi, da jika 80 ɗinka a ciki.

Da ni ne da kuɗin nan a hannu, hanya biyu zan duba. Ta farko in ƙara haƙuri in cika su in sayi tawa jitar ta hannu wadda dama da hambaka biyu aka yi ta, irin su Ibanez GIO ko Jackson JS ko Epiphone ko Cort, abokin nan naka na Faransa ya fi sauƙin samo irinsu na hannu a can, kuma pikof ɗin da suke zuwa da shi ya isa ka yi shekara biyu kana koyo kafin kunnenka ya fara neman wani. Sannan ka sa mata tsirkiya masu kauri, masu lamba 10 zuwa 52 ko sama, ka sassauta yadda ranka yake so ba mai ce maka don me. Ta biyu, in ba za ka iya jira ba, ka sa kuɗin a abin da ke ƙasa ba a cikin jita ba, wato fedal. Ƙaramin akwatin sauya sauti na zamani mai kwaikwayon manyan amfi da lasifikarsu, wanda za ka soka iyafis kai tsaye, zai kai ka kusa da sautin da kake ji a waya fiye da kowane pikof, kuma yawancinsu suna da mai toshe gurnani a ciki, wanda da ka daina kaɗawa yake rufe zuuu ɗin ɗif. Fedal naka ne, ka zare ka tafi da abinka, jita ta koma ɗaki yadda aka ɗauko ta. Wata dabarar da 'yan metal suka daɗe suna yi ita ce su sa fedal ɗin Tube Screamer na Ibanez a gaban amfi, distoshin ɗinsa a sifili ƙarar fitarsa a ƙure, yana rage tumbin sautin ya ɗaure shi tamau, akwai kwaikwayonsa masu araha da yawa kuma suna aiki.

Kafin ma ka kashe ko sisi, duk ranar da jitar ta dawo hannunka gwada wannan. Rage distoshin ɗin amfi zuwa rabi, na san hannunka ba zai so ba amma yawansa ne yake kawo ƙudan zuman. Kar ka kwashe tsakiya gaba ɗaya, rage na sama kaɗan. Sa makunni a matsayi na biyu, tsakanin na gindi da na tsakiya, a yawancin irin jitarku nan gurnani yake mutuwa don biyun suna haɗuwa su yi aikin hambaka. Sauke tsirkiya ta shida daga Mi zuwa Re, nemi fik (ɗan abin buga tsirkiya) mai kauri milimita 1 ko fiye, ɗora gefen tafin hannunka daidai inda tsirkiyoyi suka hau ƙarfen gindi, ka yi ta bugawa ƙasa ƙasa ƙasa. Matsa hannun gaba kaɗan sautin ya shaƙe, ja shi baya ya buɗe, akwai wani ɗan wuri da bai fi faɗin yatsa ba inda jug-jug ɗin nan yake zaune. Hetfield da wannan hannun dama ya yi suna, kuma kai makaɗin ganga ne, lokaci yana jikinka, wannan gata ne da yawancin masu koyon metal ba su da shi.

In kuma ka dage sai ka sayi pikof, jabu sun cika kasuwar intanet, kwali da tambari duk iri ɗaya. Wanda aka ce maka sabon JB ne a kuɗin da bai kai rabi ba ka san da magana. Kai shi wurin mai gyaran rediyo ya ɗora masa mita, in an ce 16k ne ka ga 8k ko 9k to an yi maka sakiyar da ba ruwa. Jabun kuma sau da yawa ba a jiƙa naɗinsu da kakin zuma yadda ya kamata ba, da ka ƙara distoshin sai su kama kuwwa fiii kamar makirfon da aka kai bakin lasifika.

Yanzu yaya. Kwana 10 sun yi yawa, kuma kai ne ƙarami, kai za ka je. Kar ka aika inna, ta gaji, kuma in ta sa baki zai buɗe ɗakin ne don ita ba don ya huce ba. Same shi shi kaɗai lokacin shayi, ka ce yaya na yi kuskure da na kai maganar jitarka wurin mai gyara ban fara shawara da kai ba, ba za a taɓa ta ba. Ka tsaya nan, kar ka ɗora "amma" a bayansa a ranar. Ina kyautata zaton abin da ya fi ba shi haushi ke nan, ya ji har an yi ciniki da mai sassaƙa an yi oda daga Faransa shi mai kaya bai sani ba. Bayan kwana biyu sai ka nemi ya ci gaba da ara maka ita da rana bisa sharaɗin da shi zai gindaya, ka kuma nemi ya taya ka duba jitar da za ka saya, ya fi ka sanin wuyan da ya karkace da wanda yake lafiya, kuma babba yana son a tambaye shi.

Maganar hayaniya kuwa kar ka yi musu da shi a kai, ba a cin wannan gardamar da baki. Shekarun baya su ma masu jitar Abzin haka manya suka riƙa kallonsu. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan ɗan Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko don gidansu ba sa so, yau ga shi yana zagaya Turai da Amurka da Stratocaster ta 'yan hagu yana ƙure distoshin, kuma bai jefar da kiɗan gida ba. Wata rana in kun dawo daidai ka ɗauki ɗaya daga cikin waƙoƙin da yaya yake ji da su a biki, ka kaɗa masa ita da tsirkiyar Re da dannen hannun nan a hankali, ka ga ko zai ɗago kai. Zai iya yin dariya ya ce har yanzu hayaniya ce, ba komai, wannan karon dai yana zaune kusa da kai yake faɗa.

Ka kira abokin naka yau ka ce ya dakata da sayen EMG ɗin kafin ya biya. Kuma don Allah duk ranar da ka sauke tsirkiyar nan zuwa Re, ka mayar da ita Mi ka sake saita sauran biyar ɗin kafin ka jingine jitar, don irin taku in ka sassauta ɗaya sauran ma suna ɗan gocewa, kar ya ɗauka da daddare a gaban mutane ya ji ta a karkace.